Yadda Tanyus Ya Tsufar da Giyarsa a Bayan Tasi

A ƙauyenmu, can saman garin Zahle inda gonakin inabi suke hawa dutse daki-daki, babu gidan da ba ya matsa inabinsa. Wani ya dafa maɗi, wani ya tace arak, farar barasar nan tamu mai ƙarfi, wani ya cika 'yar randa da jar giya ta raka shi har sanyi ya wuce. Haka muka tarar ana yi, kuma ba wanda ya taɓa tara mutane ya yi musu lacca a kai, sai da mijin yayata ya je Faransa.

Ni sunana Mitri, tasi nake ja tsakanin Zahle da Beirut. Yayata Nazha ita ke auren Tanyus, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda kowa ke kira Abu Wadi saboda babban ɗansa. Wannan Wadin shi ya jawo mana. A Faransa yake aiki, ya aiko wa uban tikitin jirgi, ya kai shi wata ƙatuwar gonar inabi, aka zaga da su, aka shiga da su ɗakin ƙasa aka ɗanɗana musu giya. Wuni ɗaya tak suka yi a wurin. Tanyus ya dawo mana da malafa mai faɗi, da kofin gilashi mai dogon wuya a naɗe cikin safa, da ilimin da ya fi ƙarfin kansa.

Washegarin dawowarsa muna shagon gahawa a dandali, maƙwabcinsa Jirjis mai awaki ya kawo masa giyar gidansa ta barka da zuwa. Tanyus ya zaro kofinsa daga safa, ya zuba, ya jujjuya, ya cusa hanci har gira, ya kurɓa, ya kurkure baki, sannan ya tofar a gaban takalmin Jirjis.

"Jirjis, wannan ba giya ba ce. Ruwan ɗaurayar randa ne."

"To me ya sa shekara da shekaru kake shanye min shi, Abu Wadi?"

"Da jahilci nake sha."

Ya miƙe tsaye ya gyara malafa. Ya ce bana zai nuna mana yadda ake yi. Gonarsa ba za ta ga takin zamani ba, ba za ta ga feshi ba, ko farar wutar da tsofaffi ke barbaɗawa saboda fumfuna ba zai sa ba. Zai matsa jar giya tsantsarta, ya ɗure ta a kwalba, ta kwanta ta tsimu, ya buɗe ta baɗi ranar idin Mar Iliyas, waliyyin cocinmu, a gaban Bishop.

Na ce, "Mijin yaya, ba ranar ce aka tsayar da baikon Layal ba?"

"Shi ya sa," in ji shi.

Layal ita ce autarsa. Wani yaron kirki ɗan Zahle mai suna Ziyad ke neman ta, amma uwarsa Madam Odet ba ta ɗauki mutanen ƙauye da gashi a ka ba. Ranar da ta fara zuwa gidan yayata sai da ta goge kujera da hankici kafin ta zauna. Abin ya tsaya wa Tanyus a rai. Ya rantse sai matar nan ta sha abin da hannunsa ya yi ta roƙi ƙari.

Da ciyawa ta rufe gonar, sai ya je wurin Jirjis aron awaki. Wai a Faransa dabbobi ake sakewa tsakanin kuringa, su cinye ciyawa su bar taki.

Jirjis ya ce, "Tsaya tukuna. Tumaki ka gani ko awaki?"

"Duk ba ƙafa huɗu ba ne?"

"A wane lokaci ka ji suna sake su? Da ganye a jiki ko bayan ya zube?"

"Kai dai ba ni awaki, ka bar tambayar abin da ba ka karanta ba."

Jirjis ya ba shi, ya kuma ɗauko kujera ya zauna kan katanga, ya aika a kira mu. Awakin suka shiga gona, suka dubi ciyawa, suka dubi ɗanyen ganyen inabi, ko shawara ba su yi ba. Kafin Tanyus ya rufe ƙyaure sun miƙe a kan ƙafafun baya suna zabge ganye da 'ya'yan da suka fara ƙulli. Ya bi wannan, waccan ta haye; ya kama ƙafar waccan, uku suka zagaya bayansa. Bunsurun garken ya gaji da ihun, ya ja da baya, ya auna, ya ɗauke shi daga dakalin gona na sama ya sauke shi a na ƙasa. Malafar ta rage a sama, bunsurun ya tsaya a kanta yana tauna.

Jirjis ya ce daga kan katanga, "Abu Wadi, takin fa? Ka jira su bari ko in kora su?"

Tanyus ya taso yana ɗingishi, ya dubi rabin gonar da ta koma tsirara, ya kakkaɓe wando.

"Daidai ke nan. Faransawa da gangan suke rage 'ya'yan, sauran su yi ƙarfi. Su almakashi suke sawa su wahala."

Abin da awaki suka bari, fumfuna ta raba da tsuntsaye. Duk da haka da kaka ta yi an samu abin cika 'yan kwanduna. Ya tara mu tattaka inabi, ya ce ba a wanke 'ya'yan, don abin da ke tayar da giya a jikin ɓawon yake. Wannan kam ba wanda ya musa. Sai ya ƙara da cewa saboda haka ƙafafu ma ba za a wanke ba.

Yaya Nazha ta ajiye bokitin ruwa da sabulu a gabansa. "Tanyus, na san ƙafarka tun kafin Faransa ta san ta. Wanke."

Ya wanke.

Ya samo tsohuwar gangar katako, ya kafa ta a kusurwar baranda, ya cika ta har baki. Mu dai mun saba a bar bakin a sake har ruwan ya gama tafasa da kumfa. Tanyus ya buga matoshi da guduma, ya roƙo guntayen kyandir a coci ya narka ya liƙe.

Jirjis ya leƙo. "Ba za ka bar mata wurin numfashi ba?"

"Iska ce babbar maƙiyiyar giya. Duk wanda ya fita waje ya san wannan."

A makon ne kuma yayata take yin kishk na shekara, abincinmu na sanyi. Ta jiƙa alkama da nono, ta shanya a kan fararen zannuwa a barandar, matan unguwa suka taru da la'asar suna murje shi da hannu suna hira. Gangar ta kwana biyu tana ƙugi kamar cikin mai yunwa. Matar Jirjis ta ce wa yayata, "Umm Wadi, abin can na mijinki magana yake yi."

"Gado ya yi," in ji yayata.

Ba ta rufe baki ba matoshin ya tashi. Ya daki rufin baranda, ya dawo ya fasa tulun ruwa, bayansa jan ruwa ya yi tsiri sama ya buɗe kamar laima ya sauko a kan mata da zannuwa da kishk. Na iso na tarar da mata takwas ko tara a guje, jajawur daga ɗankwali har silifa, Tanyus kuma ya rungume gangar ya toshe bakin da tafin hannu, ruwan na fita ta tsakanin yatsunsa yana wanke masa fuska.

"Kun gani? Rai gare ta! Ta Jirjis ta taɓa yin haka?"

Yaya Nazha ta share jan ruwan daga fuskarta. Ta kwashe kishk ɗinta, ta sake shanyawa. Duk sanyin shekarar jan kishk aka ci a gidan, kuma kullum shi take fara zuba wa, ta cika masa kwano.

Da sanyi ya kama, abin da ya rage a gangar ya lafa. Wata safiya na shiga na same shi shi kaɗai ya ɗanɗana, fuskarsa ta tattare wuri guda. Na karɓa na kurɓa. Haƙorana suka mutu nan take.

Ya ce, "Ƙuruciya ce. Duk babbar giya haka take farawa, da taurin kai."

Ya waiga, ya jawo tulun maɗin yayata ya tuttule a gangar.

"Mijin yaya, ba kai ka ce ba a ƙara mata komai ba?"

"Maɗin inabi ai ɗan uwanta ne. Ziyara ya kawo."

Ranar ya ɗure ta a kwalabe, ko jira maɗin ya gama aikinsa bai yi ba. Kwalaben gida-gida ya bi ya tara, akwai na arak, akwai na man zaitun, har da na maganin tari. Matosai kuwa da dunduniyar takalmi ya buga su. Sannan ya kira Wadi a waya ya tambaye shi tsawon lokacin da babbar giya ke kwanciya a kwalba. Ina tsaye na ji muryar yaron: "Baba, shekaru take yi. A wuri mai sanyi, mai duhu, ba a ko taɓa ta."

Tanyus ya ajiye waya. Watanni kawai suka rage masa. Ya yi ta zagaya tsakar gida, sai ga shi ya tsaya cak, ya dube ni, ya dubi tsohuwar Marsandina a ƙofar gida.

"A'a," na ce.

"Ban ce komai ba tukuna."

"Idonka ya faɗa."

Wai mai yi musu bayani a Faransa ya ce a zamanin da, giyar da aka ɗauka a jirgin ruwa takan iso ta tsufa, saboda jijjiga da zafi. To mene ne bambancin teku da hanyar Beirut? Ga hawa, ga gangara, ga ramuka, ga sanyin dutse, ga zafin bakin teku.

"Dubi kanka, Mitri. Nazha ta girme ka, amma duk wanda ya gan ku sai ya ce kai ne babanta. Me ya tsufar da kai in ba hanyar nan ba?"

Na so in ƙi, sai Layal ta kamo hannuna. "Kawu, ka taimaka. In bai sa su a motarka ba, a jaki zai ɗaura su ya yi ta zagaya dandali."

Haka na fara yawo da giyar Tanyus a but. Fasinjoji su rungume jakunkunansu a cinya, kwalabe na ta ƙaraurawa a baya kamar amarya mai awarwaro. Kullum na dawo yana tsaye a bakin hanya, ya buɗe but, ya ɗaga kwalba a rana, ya ce, "Ta ƙara hankali." In na kauce wa rami yana cikin motar sai ya yi faɗa, wai ina cutar giya.

Da zafi ya fara shigowa, wata rana mun tsaya a shingen sojoji a kan dutse, Tanyus na gaba, mata biyu da wani malamin makaranta na baya. Sojan ya sunkuyo zai ce mu wuce, sai muka ji tau! daga baya. Sojan ya yi tsalle. Ya zagaya, ya ga jan ruwa na ɗiga daga but yana bin kwalta.

"Direba, fito! Wa ke cikin but?"

Kafin in buɗe baki Tanyus ya leƙo ta taga. "Tawa ce, ɗana. Kada ka taɓa ta, ba ta son hayaniya. Watanni ke nan muna yawo da ita."

"Da ranta?"

"Da ranta mana! Ba ka ji motsinta ba?"

Matan nan suka ɓalle ƙofa suka yi cikin duwatsu suna kiran Maryamu. Malamin makaranta ya ɗaga hannu sama yana rantsuwa a garin Shtura ya hau, bai san mu ba. Aka kwantar da ni a kan kwalta, aka kewaye motar, aka buɗe but da bakin bindiga. Da babbansu ya ga kwalabe, ya ji bayanin jirgin ruwa daga farko har ƙarshe, sai ya zauna a kan buhun yashi ya yi dariya har da hawaye. Tanyus ya ba shi kyautar kwalba ɗaya. Ya ce ya gode, amma ba a shigo da makami shingensa.

Daga ranar na sauke kayan a ƙofar gidansa na ce ko Bishop ne ya roƙe ni ba zan ƙara ba.

"Ba komai," in ji Tanyus. "Ta riga ta tsufa a ciki. Saura waje."

Domin a Faransa ya ga tsofaffin kwalabe duk ƙura da saƙar gizo-gizo. Sai ga surukin gobe na Madam Odet yana bi gida-gida da gwangwani, yana roƙon a bar shi ya kama gizo-gizo. Matan ƙauye suka yi ta murna, wannan ta nuna masa bayan kabad, waccan ta ce ya haɗa da rufin kicin tunda ya riga ya hau tsani. Ya share rabin ƙauyen kyauta. Ya saki gizo-gizon a kan kwalabe, suka watse, suka tare a ɗakin kwanan yayata. A ƙarshe buhun sharar matar Jirjis ya zazzage a kansu.

Ranar idin Mar Iliyas ta zo, tsakiyar zafi, tun da hantsi dutse ke ƙona tafin ƙafa. Abuna Sam'an, limamin cocinmu, ya ba shi izinin kafa tebur a harabar coci, ya nuna masa inuwar bishiyar goro. Tanyus ya ce inuwa ba ta nuna launi. Ya kafa dogon tebur a tsakiyar rana, ya shimfiɗa farin zanen gadon auren yayata, ya jera kwalabe bisa juna kamar dala, ya tsaya kusa da su cikin kwat ɗin da ya yi aure da ita.

Mutanen Zahle suka iso. Ziyad na ta murmushi, Madam Odet kuwa cikin farar riga har ƙasa da farar hula mai gashin tsuntsu. Ta dubi teburin ta saman tabarau.

"Abu Wadi, waɗannan ba a wanke su ne?"

"Madam, wannan ƙurar shekaru ce. Akwai masu sayen kwalba don ita kaɗai."

Aka shiga sujada. Bishop ɗinmu tsoho ne mai son wa'azi, ranar kuma ya samu jama'a. Ya yi ta yi, muna ta fifita da takardun waƙa, kwalabe na can waje suna shan rana. Da aka gama aka fito a jere, yara masu fararen kaya a gaba da kyandir, sai Abuna, sai Bishop da doguwar hularsa da sanda, sai manyan baƙi, Madam Odet a sahun farko. Tanyus ya tare hanya, ya buɗe hannuwa.

"Sayyidna, jama'ar Mar Iliyas, baƙinmu na Zahle! Yau ƙauyen nan zai shiga..."

Tau!

Matoshin farko ya wuce ta gefen kunnensa ya tafi da hular Madam Odet. Na biyu ya daki ƙararrawar hannun Abuna ta yi ƙara. Daga nan sai suka haɗa baki: tau, tau-tau, tau! Mu mutanen ƙasar nan ba a koya mana abin yi in an ji irin wannan ƙara. Kafin ƙiftawar ido kowa ya kwanta. Tsofaffi na ihu, "Yaƙi ya dawo! Yaƙi ya dawo!" Abuna ya rungumo Bishop ya kai shi ƙasa ya haye kansa. Jirjis ya shige ƙarƙashin motata. Wani tsoho da ya shekara yana tafiya da sanda ya tsallake katangar maƙabarta, sandar a hannunsa ko ƙasa ba ta taɓa ba.

Tanyus kaɗai na hango a tsaye. Ya danne wannan kwalba da babban yatsa, ya danne waccan da ɗayan, ya sa haɓa a kan ta uku, yana kiran, "Ku kwantar da hankali, gaisuwa take yi!" Da ya ga hannu bai isa ba sai ya kwanta a kan dalar gaba ɗaya. Ƙafar teburin ta karye. Teburin ya tuntsure ta ɓangaren baƙi, duk abin da bai riga ya fashe ba ya fashe a lokacin, kumfa ja ta tashi ta sauka a kan Madam Odet, wadda ashe ta ƙi kwanciya a ƙasa don kada rigarta ta yi datti.

Aka yi tsit. Sai ɗigar ruwa da kukan wani jariri.

Bishop ya miƙe, aka miƙo masa hularsa. Tanyus ya rarrafo daga cikin tarkace da kwalbar maganin tari guda da ta tsira, ya zuba a kofinsa mai dogon wuya, ya miƙa.

"Sayyidna, ko ɗanɗanawa."

Tsohon nan mutumin kirki ne. Ya karɓa ya kurɓa. Muka ga gemunsa ya motsa, idonsa ya kawo ruwa, ya daɗe kafin ya haɗiye.

"Ɗana," ya ce, "ka ajiye mana sauran sai lokacin azumi. Duk wanda ya shanye kofi ɗaya, na yafe masa sauran kwanakin."

Dariyar da aka yi har a ƙauyen gaba an ji. Amma Madam Odet ba ta yi ba. Ta tsaya tana ɗiga, ta ce, "Ziyad, kawo mota. Ba ni haɗa jini da gidan mahaukata."

Layal ta rufe fuska ta ruga bayan coci. Tanyus ya bi ta da kallo. Tun da na san shi ban taɓa ganin bakinsa a buɗe ba magana a ciki ba sai ranar. Ya ajiye kofin a ƙasa, ya tako a kan fasassun kwalabe, ya tsaya gaban matar, ya sunkuyar da kai.

"Madam, haukan nawa ne ni kaɗai. Yarinyar nan tun farko take ce min in bari. Uwarta ta biyo, ba ni ba. Ki hukunta ni yadda kika so, amma kada ki haɗa da ita."

Madam Odet ta dube shi, fuskarta ta fara sassautawa. Da ya tsaya nan da an gama lafiya.

"Ko da yake," ya ƙara, "launin ya karɓe ki."

Yaya Nazha ta toshe masa baki da tafin hannu, ta ja Madam Odet da ɗayan hannun har gida. Ta haɗa mata ruwan wanka, ta ba ta rigar zaman gida mai furanni, ta dafa gahawa, suka rufe ƙofa. Ban san abin da suka faɗa ba. Na dai ji muryar yayata tana ta lissafo abubuwa, na ji an ambaci bunsuru, can sai na ji wata irin dariya mai kama da shaƙuwa, wadda ba ta yayata ba ce. Da suka fito Madam Odet ta ce baiko yana nan, da sharaɗi ɗaya: daga yau har a gama biki, uban amarya ba zai taɓa kwalba ba, ko ta ruwa ce.

Aka yi biki lafiya. Tanyus ya sha ruwa a kofin da wani ya zuba masa.

Shekaru suka wuce, Layal ta haifi ɗanta na biyu, aka taru a gidan yayata cin abincin baftisma. Yaya Nazha ta sauka ɗakin ƙasa ɗebo man zaitun, sai ga ta ta fito da wata kwalba a hannu, ta riƙe ta nesa da jiki. Ƙura ta gaske ce a kanta.

"A bayan tuluna na same ta. Na tuna na ɗiba don girki tun kafin ya tuttule min maɗi a ganga, na manta."

Tsakar gida ta watse. Masu jarirai suka shige ɗaki, Abuna ya laɓe bayan rijiya. Tanyus ya miƙe yana cewa ba wanda zai buɗe ta sai shi, bari ya ɗauko abin buɗewa, ya fita ta ƙofar baya. Muka hango ƙeyarsa a bayan katangar Jirjis, can nesa.

Madam Odet ce ta tashi. Ta ce ita an riga an yi mata mai wuyar. Ta ɗaura zanen tebur a wuya, ta kare fuska da murfin tukunya, ta murɗa matoshin a hankali. Ya fito da ɗan nishi kawai. Ta zuba kaɗan, ta shinshina, ta kurɓa, ta sauke murfin tukunyar.

"Umm Wadi," ta ce, "zo ki ji."

Tsamin nan mai kashe haƙori duk ya kwanta. Ta yi laushi, tana ƙamshin busasshen ɓaure da ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Ba zan ce ta fi ta kowa a duniya ba, amma a ƙauyenmu ban sha kamarta ba. Aka fito daga maɓoya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙo kofi. Jirjis ya sha, ya miƙo kofin a ƙara masa. Madam Odet ta ture hannunsa ta ƙara wa kanta.

Sai da Tanyus ya ji shirun ya yi yawa sannan ya leƙo, ya tako a hankali da abin buɗewa a hannu.

"Ta tashi?"

"Ta ƙare," in ji yayata.

"Giyarka ta yi daɗi, Abu Wadi," in ji Madam Odet. "Na ma ƙara."

Ya ɗauki kwalbar ya girgiza, ya leƙa cikinta da ido ɗaya. Ya kifa ta a kan harshensa, ya jira, ya jira, har ɗigo guda ya gangaro. Ya lumshe ido ya daɗe yana juya shi a baki, duk muna kallonsa. Sannan ya buɗe ido ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai.

"Kun cika gaggawa," ya ce. "Da saura shekara biyu ta nuna."